Feɗe Fim da Waƙa: Aikin da Masu Sharhinmu Suka Bari

Duk ranar da sabon fim ya fito, ko sabuwar waƙa ta shiga gari, magana kan tashi ta fuska biyu. Masoya jarumi ko mawaƙin za su cika Facebook da TikTok da kirari, su ce ba a taɓa yin irinsa ba. Masu kishin tarbiyya kuma za su tsinto fitowa ɗaya ko baiti ɗaya su ce ga inda aka rusa al'ada. Kafin mako ya zagayo ƙura ta lafa, kowa ya kama gabansa, ba tare da an yi tambayar da ita ce asalin aikin mai sharhi ba: shin an iya aikin? Labarin ya tsayu da ƙafarsa? Waƙar ta ginu, ko kuwa kiɗa ne ya rufa mata asiri? Ra'ayina shi ne rashin wannan tambaya ya fi cutar da fim da waƙar Hausa fiye da ƙarancin jari da ake yawan kuka da shi, domin sana'ar da ba a auna ta da ma'aunin gwaninta ba ta da hanyar sanin inda ta gaza.

Yadda aka zo nan yana da tarihi. Fim ɗin bidiyo na Hausa ya kama kasuwa ne daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a Kano a 1990, kuma kafin shekara goma ta cika har ya samu 'yan jaridarsa. Mujallar Tauraruwa ta Sunusi Shehu ta fara fitowa a 1998, a cikinta ne ma aka raɗa wa masana'antar suna Kannywood, sannan Ibrahim Sheme ya kafa mujallar Fim a 1999. Waɗannan mujallu sun yi wa tarihi hidimar da ba za a manta ba, don a shafukansu ne manazarci zai samu hirarrakin daraktoci da wasiƙun 'yan kallo na wancan zamani. Sai dai abin da ya fi sayar da mujalla shi ne aure da mutuwar aure da rikicin 'yan wasa, saboda haka jarumi ya rinjayi aikinsa a idon mai karatu tun daga tushe. Ana cikin haka aka ƙaddamar da Shari'a a Kano a 2000, aka kafa Hukumar Tace Fina-finai ta jihar a 2001, sai harshen da ake maganar fim da shi ya koma harshen hukunci: wannan ya halatta, wancan ya saɓa. Lokacin da ƙungiyar masu shirya fina-finai ta MOPPAN ta kori jaruma Rahama Sadau a 2016 saboda bidiyon waƙar da ta fito a ciki tare da mawaƙi ClassiQ, an kwashe makonni ana muhawara a kan bidiyon, amma da wuya ka ji wanda ya tsaya a kan waƙar kanta. Haka a ƙarshen 2019, da hukumar ta nemi a dakatar da shirin Kwana Casa'in a tashar Arewa24, hayaniyar ta tattaru a kan wata fitowa, alhali shirin ya taɓo maguɗin siyasa da lalacewar asibitocin gwamnati da sayen bakin ɗan jarida, abubuwan da suka cancanci dogon sharhi a kan yadda aka sarrafa su.

Abin takaicin shi ne Hausa ba ta rasa kayan aikin ba. Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa hanyar nazarin rubutacciyar waƙa a Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi wa waƙar baka irin wannan hidima a Jagoran Nazarin Waƙar Baka. Ɗalibin Hausa a jami'a ya san yadda ake bin jigo da warwararsa, da zubi da tsari, da salon sarrafa harshe, da gindin waƙa da ɗiyanta. Da wannan ma'auni ake gane dalilin da ya sa Bakandamiyar Narambaɗa ta zama abin da ta zama, da yadda Shata ke ɗora magana a kan kalangu ba tare da ɗaya ya danne ɗaya ba. Me ya hana a ɗora waƙoƙin nanaye a kan gadon nan? Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali, kuma mawaƙin fiyano kan tsara kiɗa tukuna sannan ya cusa kalmomi, har ya karya karin kalma don ta shiga amon da ya riga ya zaɓa. Wani kan jero kalmomin Larabci ko ya ƙirƙiro kalmar da ba ta da ma'ana don kawai amsa-amo ya daidaita. Wani kuma na'urar gyaran murya ce ke yi masa rabin aikin. Mai sharhin da ya san aikinsa zai nuna wannan baiti bayan baiti, kuma da ma'aunin nan dai zai nuna inda aka yi gwaninta, ya bayyana abin da ya sa zaɓen kalmomin Aminu Ala ke da nauyi, ko abin da ya sa Jaruma ta Hamisu Breaker ta mamaye gidajen biki a 2020. Shaharar waƙa tana da sababi a cikin gininta, kuma gano sababin nan ilimi ne da mawaƙi na gaba zai amfana da shi.

A fagen fim ma tambayoyin a fili suke. An daɗe ana zargin Kannywood da wankiya, wato kwaikwayon fina-finan Indiya, amma zargin kan tsaya a cewa an kwaikwaya. Aro ba sabon abu ba ne a adabin Hausa, Abubakar Imam ya aro labarai daga wasu al'ummu ya mayar da su 'yan gida a Magana Jari Ce. Abin dubawa shi ne ko abin da aka aro ya narke a cikin rayuwar Bahaushe, ko kuwa an bar shi tsaye kamar baƙon da bai cire takalmi ba. Haka rawa da waƙa, wadda fim ɗin Sangaya ya ƙara wa kasuwa a farkon wannan ƙarni: waƙar tana tura labari gaba, ko an dasa ta ne don a sayar da fim? Yanzu da kasuwar faifai ta mutu aka koma fina-finai masu dogon zango a YouTube da talabijin, irin su Labarina da Izzar So, wata sabuwar matsala ta taso. Kuɗin shiga ya danganta da yawan kashi da tsawon mintoci da tallace-tallacen da ake sakawa, don haka akwai jarabar jan labari, a maimaita zance ɗaya a falo uku, a ƙaro ɗan wasan da ba shi da aikin yi. Wannan lahani ne na gini wanda hukumar tacewa ba za ta gani ba, domin ba aikinta ba ne.

Za a ce tarbiyya ta fi gaban gwaninta, kuma al'ummar da ke kallon fim tare da 'ya'yanta tana da haƙƙin ta fara da wannan tambaya. Na yarda da haƙƙin, kuma ba na neman a ajiye shi. Amma wanda ya damu da tarbiyya shi ya fi kowa bukatar a yi fim mai kyau. Fim ɗin da aka cika da wa'azi a bakin ɗan wasan da bai yi kama da mutum ba, ba ya gyara kowa, matashi kan tsallake wurin ya wuce. Wanda ke shiga zuciya shi ne wanda mai kallo ya ga kansa a ciki, kamar yadda jama'a suka ga unguwanninsu da maƙwabtansu a Daɗin Kowa. Kuma mai duban tsawon mayafi kaɗai yakan wuce ɓarnar da ta fi girma: fim ɗin da kowa ya yi shigar mutunci a cikinsa, amma labarinsa na koyar da cewa talaka abin dariya ne, ko kuɗi na wanke kowane laifi. Sai wanda ya iya karanta ginin labari zai kama wannan.

Za a kuma ce masana'antar tana fama, suka kuwa taɓa abincin mutane ne, wani ma ya kira ta hassada. Wannan ƙorafi yana da tushe, domin da yawa daga abin da ake kira sharhi a yau cin mutunci ne, ana barin aiki a kama mutum da asalinsa da aurensa. Maganin wannan shi ne sharhi mai hujja, wanda zai ce a minti kaza sauti ya ɓace, a kashi kaza jaruma ta aikata abin da ya saɓa wa halin da aka gina ta a kai. Darakta zai iya musanta irin wannan magana ko ya gyara, ko ta wane hali ya ƙaru. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Masu cewa adadin waɗanda suka kalla shi ne alƙali kuwa, sun haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Adadi na nuna mutum nawa suka buɗe, ba ya nuna nawa suka gamsu, kuma ɗan kallon da ba shi da zaɓi zai kalli abin da ya samu.

Akwai nazari mai zurfi a kan Kannywood. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya shafe shekaru yana yi, an yi babban taro a kan fina-finan Hausa a Kano a 2003, kuma marubuta irin su Muhsin Ibrahim sun yi bitar fina-finai ɗaya bayan ɗaya. Amma mafi yawan wannan aiki da Turanci yake, ko yana kwance a kundayen digiri, inda mai ɗaukar hoto a titin Gidan Zoo da matar da ke kallo a wayarta a Maraɗi ba za su kai gare shi ba. Saboda haka kirana ga editocin jaridun Hausa da shugabannin gidajen rediyo da talabijin ne: ku ware fili na dindindin kowane mako don feɗe sabon fim ɗaya da sabuwar waƙa ɗaya da Hausa, ku ba wanda ya san aikin, ku biya shi daga aljihunku don kada ya karɓi na furodusa, kuma ku ba wanda aka yi wa sharhi damar mayar da martani a fili guda.