WhatsApp Status Ya Ciri Tuta a Kasuwancin Agege

Idan za a raba kambu tsakanin abubuwan da wayar hannu ta kawo wa ƙananan 'yan kasuwa, ni ba sai an zauna shawara da ni ba: WhatsApp Status na miƙa wa, hannu bibbiyu! Masoyan TikTok su yi haƙuri, na Instagram ma su sha kurumi, zan zo kansu. Amma duk wanda ke tantama ya zagaya Zangon Agege, ya tambayi mai haɗa turaren wuta da humra, ko telan da ke kwana a kan keke idan sallah ta ƙarato, ko mai kilishi, daga ina oda ta fi shigowa.

Hausawa ba baƙin ciniki ba ne a Agege. Goro ne ya jawo kakanninmu, layin dogo kuma ya zaunar da su, musamman bayan da aka haɗe Legas da Kano a 1912. A wancan zamanin fatoma ne ke saukar da baƙo, dillali ya haɗa shi da mai kaya, kuma ba a sallamawa sai an buɗe huhu an ga goron da ido. Ƙa'idar ba ta sauya ba har gobe, gani ya kori ji. Abin da ya sauya shi ne yanzu ganin ne ke tasowa ya iske mai saye yana kishingiɗe a ɗakinsa.

Inda abin ya fi tsuma ni shi ne wajen iyayenmu mata. Tun fil azal matar Bahaushe tana sana'a a cikin gida: ƙuli-ƙuli, dambun nama, alkaki, saƙar hula. Matsalarta ɗaya ce, wa zai kai kayan idon jama'a? Amsar ita ce talla, wato a ɗora wa yarinya tire ta wuni tana ratsa lunguna, a garin da motar danfo ba ta jiran kowa. Yau wayar ce tiren. Hajiya ta gama tuya, ta jera kayan a faranti mai tsabta kusa da taga, ta ɗauki hoto, ta ɗora. Kafin la'asar saƙo ya fara shigowa: "Maman yara, a ajiye mini roba biyu." Ita kuma yarinyar tana aji. Wallahi ko wannan kaɗai aka samu, an ci riba!

Tsarin abin ma kamar da mu aka yi shawara. An fito da Status a watan Fabrairun 2017, kuma duk abin da ka ɗora awa 24 yake yi ya ɓace. Wannan ya yi wa mai kayan ci daidai, domin abin da ake gani na yau ne. Ba kowa ke kallonsa ba sai wanda kuka ajiye lambar juna, shi ya sa za ka ji ana cewa "ajiye lambata in ajiye taki". Ke nan masu kallonka mutanen da suka san ka ne, ko aka haɗa ku ta hannun 'yar'uwa ko maƙwabciya, kuma cinikin Bahaushe dama a kan sanayya da amana ya ginu. A Janairun 2018 aka ƙaro WhatsApp Business, a 2019 aka saka masa jerin kaya mai hoto da farashi, ga saƙon maraba da ke amsa wa kwastoma ko kana masallaci. Wanda boko bai zauna masa ba kuwa, sai ya danna ya yi magana da bakinsa, a yi tayi a yi albarka da murya.

Ga kuma wata baiwa da sai mazaunin Legas zai san darajarta: hoto ba ya buƙatar tafinta. Bayarabiyar da ke Ikeja ba ta jin Hausa, amma idan ta ga kilishi ya sha yaji yana ƙyalli, yawunta zai fahimta. A nan Instagram ke shigowa. Manhajar da aka ƙirƙira a 2010, Facebook ya saye ta dala biliyan 1 a 2012, ita ce ke kai kaya gaban wanda bai taɓa jin sunanka ba, musamman tun da aka kawo gajerun bidiyon Reels a 2020. Mai zanen lalle ta nuna hannun amarya ɗaya, sai ga kira daga Lekki. TikTok kuwa na masu tsire ne: ƙarar wuƙa a kan katako, hayaƙi na tashi, ana barbaɗa yaji. Ko dillalan raguna na wajen mahautar Oko-Oba, gab da babbar sallah bidiyo suke turawa, a juya ragon gaba da baya, a buɗe haƙoransa. Amma ka lura, duk inda aka gano ka, a WhatsApp ake ƙarasa cinikin.

Sauran abubuwa ma sun zo sun dace. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya koya wa har mai shayi karɓar taransifa ta OPay ko Moniepoint. Gadar sama ta Pen Cinema da aka buɗe a 2021 ta rage wa masu kai saƙo a babur wahalar cunkoso, jirgin ƙasan Red Line da ya fara ɗaukar fasinja a 2024 kuma yana tsayawa a Agege.

Ba zan ce babu ƙura ba. Data na cin kuɗi, akwai 'yan damfara masu alat na bogi, akwai kuma masu ɗora hoton kayan wani su aiko da wani abu daban. Maganin a bayyane yake: kar kaya su fita sai ka duba asusunka da kanka, kuma hoton da za ka ɗora ya zama na kayanka, ba ƙari ba ragi. Ka rubuta farashi ɓaro-ɓaro, ka goge gilashin kyamara, ka daina jera hoto arba'in a tashi ɗaya.

Makin da na ba WhatsApp Status tara ne cikin goma, ɗayan ma kuɗin data ne ya cinye shi. Hajiya, Alhaji, idan kuna da sana'a kuna da waya, amma Status ɗinku gaisuwar Juma'a kawai yake ɗauka, to ku bar gaisuwar a inda take, gobe da safe ku ƙara da hoton kaya da farashinsa. Allah ya kawo kasuwa mai albarka!