Manhajar da ka haɗa da kanka, a filin wa take?

A da, ɗan kasuwar da ke son manhajar lissafin kaya sai ya nemi masanin kwamfuta, ya biya kuɗi masu tsoka, ya yi ta jira. Yanzu da AppSheet, Glide, Bubble ko Power Apps na Microsoft, yaron shago mai ƙwaƙwalwa zai iya haɗa ta da kansa cikin ƙanƙanen lokaci, ba sai ya rubuta layi ɗaya na harshen kwamfuta ba. Ina goyon bayan wannan sauyi. Wanda ya san yadda bashi ke tafiya tsakanin dila da mai sari a Kantin Kwari ya fi kowane injiniya sanin abin da ya kamata manhajar ta yi.

Sai dai mu riƙa tunawa cewa haya muke yi. Mai gida yana iya tashin ka. A 2020 Google ya sayi AppSheet, a farkon 2021 kuma ya rufe App Maker, nasa dandalin haɗa manhaja, waɗanda suka gina ayyukansu a kai dole suka kwashe kayansu. Kuɗin hayar ma galibi da dala ake biya, kuma duk wanda ya ga yadda naira ta faɗi tun daga 2023 ya san abin da hakan ke yi wa ƙaramar riba.

Abin da ya fi damuna shi ne sirrin abokan ciniki. A 2021 masu bincike na kamfanin UpGuard sun gano bayanai kimanin miliyan 38 a buɗe a intanet daga shafukan da aka gina da Power Apps, saboda an bar saitin farko yadda ya zo. Manyan kamfanoni da hukumomin gwamnati a Amurka ne abin ya shafa, ina ga mai shago ɗaya? A Najeriya kuma dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora alhakin a wuyan wanda ya tara bayanan.

Shawarata: a yi amfani da irin waɗannan manhajoji wajen rajistar kaya, karɓar oda da tunatar da masu bashi. Amma a buɗe asusun da sunan kasuwancin, kada ya zama na yaron da ya haɗa manhajar, domin ranar da ya bar aiki zai tafi da makullin. A riƙa sauke kwafin bayanai kowane mako. Idan harka ta kai ga kuɗin jama'a ko bayanan marasa lafiya, a kira ƙwararre a biya shi.