Babbar Riga da Kambas: Gado da Son Rai a Suturar Hausawan Abijan

Ana saura mako guda Babbar Sallah, kasuwa biyu ce ke takarar aljihun saurayin Bahaushe a Abijan. Ɗaya ita ce Black Market ta Adjame, wadda ta yi suna da wayoyi sababbi da na hannu, da kambas da jins da tabarau, inda ake ciniki a tsaye cikin turmutsutsu. Ɗayar tana tsallaken gada a Treichville, wajen shagunan yadi na Rue 12, inda ake auna shadda da mita. Yaron da ya zo biɗa daga Tawa ko Maraɗi, da wanda aka haifa a nan iyayensa Kanawa, duk raba kuɗin suke yi gida biyu. Ranar Idi sai ka gan shi cikin shadda mai maiƙo har idon sawu, farin kambas a ƙafa, hula an karkata ta gefe guda. Dattijo ya bi shi da kallo ya ce, "Yaro, ka ɓata riga." Shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ai yayi ne."

Kafin a yanke wa yaron hukunci, a duba abin da ake kira gado ɗin. Babbar riga ta asali saƙi ce, ƙyallaye sirara da masaƙa suka fitar aka harhaɗa, wani lokaci da zaren tsamiya. Marinan Ƙofar Mata da na Kura su rina, mabuga su buge ta har ta ɗauki ƙyalli, masu ɗinkin hannu na Zariya ko Nufawan Bida su shafe watanni suna zuba mata aska biyu ko aska takwas. Shaddar da dattijon nan yake taƙama da ita kuwa ba ta san wannan hanya ba. Gezna daga garin Bludenz na Ostiriya take zuwa, daga kamfanin Getzner da aka kafa tun 1818, mai sauƙin kuɗin kuma daga Sin. Hular zanna ta Barebari ce. Dara da alkyabba ta Sahara suka biyo ayari daga Arewacin Afirka, jallabiya kuma alhazai ne suka yawaita ta. Suturar Bahaushe ta ɗan kasuwa ce, duk inda ya je ya ga mai kyau sai ya ɗauko ya mai da shi nasa.

Ba mu kaɗai ke wannan gardama ba. Mutanen Sikotilan suna da kilt, zanen ulu mai layi-layi da mazansu ke ɗaurawa zuwa gwiwa. Bayan tawayen da aka murƙushe a Culloden, gwamnatin Birtaniya ta yi dokar hana shi a 1746, ba a soke ta ba sai 1782. A 1822 kuma sai ga Sarki George na Huɗu da kansa ya ɗaura shi a Edinbara, a bikin da marubuci Walter Scott ya tsara. Yawancin zane-zanen da yau kowane dangi ke cewa nasa ne tun kaka da kakanni, a wannan ƙarni na 19 aka tsayar da su. Yanzu akwai rajistar gwamnati da mutum zai kai sabon zanen da ya ƙirƙiro a rubuta masa, akwai kuma masu ɗinka kilt da fata ko yadin jins. Duk da haka tattarar tana nan a baya, tsawon yana nan a gwiwa, kuma gashin gaggafa uku a hula na shugaban dangi ne kawai. Bahaushe zai gane wannan nan take, domin shi ma ya san rawani mai kunne biyu ba na kowa ba ne, komai kuɗin mutum.

Sai dai a Abijan maganar tana da wani nauyi da ba ta da shi a Kano. A Kantin Kwari ba wanda zai tambayi asalinka don ka canza wuyan riga. A Adjame kuwa kusan kowane Musulmi yana da babbar rigarsa: Jula na da tasu, mutanen Bamako na da rinin da ya gagari kowa a launi, 'yan Senegal na da nasu yankan. A sahun babban masallacin Adjame, abin da ke nuna Bahaushe daga nesa shi ne hularsa, sai kuma tsarin aikin ƙirjinsa: babban aljihu a hagu da asake suna gangarowa, tambari a zagaye a dama, wani kuma a baya. Dillalin goro a Anyama da mai tireda a Treichville da wannan suke gane juna kafin a yi sallama. Shi ya sa ran dattawan zango ke ɓaci. Tsoronsu kada jikokinsu su narke cikin taro a rasa gane su, kuma wannan tsoro ba na banza ba ne. Kuskurensu ɗaya, sun kafa wa takalmi ido alhali ɓarnar tana ƙirji.

Shiga shagon tela ka gani. Da can mai riga yakan kira aikin da yake so da sunansa. Yau waya yake miƙawa: "Maigida, irin wannan za ka yi mini." Hoton daga Instagram ne, na wani ango a Dakar ko Legas. Tela ya tura wa mai injin kwamfuta, kafin la'asar an zuba zanen, irinsa sak da na mutum goma da suka riga shi. Wannan ba salon kai ba ne, ba kuma gado ba ne. Talauci ma ya sa hannu. Tun da aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994 kuɗin kayan Turai ya ninka, mutane da yawa suka koma shaddar Sin da gwanjo, aikin hannu na watanni ya zama sai wane da wane. Mabuga dai har yanzu suna nan. Za ka ji su tun kafin ka gan su, mutum biyu zaune fuska da fuska, shadda a ninke kan gungume, guduman katako suna sauka bi da bi.

Cewa sabon salo shi ke kashe gado, Treichville kanta ta ƙaryata shi. A nan Pathé'O, ɗan asalin Burkina Faso, ya kafa shagonsa, ya ɗauki saƙi da rinin gida ya fitar da rigunan da Nelson Mandela ya riƙa sawa. Alphadi na Nijar, wanda ya buɗe bikin nuna sutura na FIMA a hamadar Tigidit kusa da Agadas a 1998, da kayan Buzaye da na Hausawa ya yi suna a Faris. Dukansu sun san abin da suke canzawa kafin su sa masa almakashi.

A ganina kambas ba laifi ba ne, haka launin da kakanninmu ba su sani ba, haka kaftani a madadin malum-malum ga mai hawa babur cikin zafin Abijan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne rigar da aka matse har mai ita ya kasa yin sujada cikin natsuwa, da wandon da aka ɗage don a ga tambarin safa, da naɗin sarauta a kan wanda ba a naɗa ba. Babbar riga kuma tana da ladabinta. Wanda bai iya tattara hannuwanta ya aza a kafaɗa ba, yana tafe tana sharar ƙasa, ya koma gida a koya masa.

Dattawanmu na zango, ku ƙyale takalman yaran nan, ku zaunar da su ku nuna musu bambancin aska biyu da aska takwas, da kube da damanga. Kai kuma saurayi, in ka tashi ɗinkin aure, rage kuɗin sabuwar waya a Black Market ka aika Zariya a yi maka aikin hannu ko guda ɗaya ne, tun masu yin sa suna raye.