Karen da ya ƙi girma mara lafiya ne

Ana ta yaɗa hotunan karnukan Jamus, waɗanda aka fi sani da Alseshan, da suka shekara biyu ko uku amma jikinsu na ɗan kwikwiyo. A 2019 wani kare mai suna Ranger ya yi tashe a Instagram daga jihar Arizona ta Amurka, jama'a na ta cewa ina ma su samu irinsa. Wannan sha'awa tana sosa mini rai, domin abin da ake yabawa cuta ce.

A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙulli da ke samar da sinadarin girma. A jikin waɗannan wadannin bai ginu daidai ba. A 2011 masu bincike a Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan suka gano cewa tangarɗar tana cikin wata ƙwayar gado mai suna LHX3. Ba ta bayyana sai uwa da uba duk suna ɗauke da ita, su kuwa garau suke, ba alamar komai. Idan aka haɗa su, ana sa ran ɗaya cikin kowane 'ya'ya huɗu zai zo wada.

Abin da hoto ba ya nunawa shi ne gashinsu mai laushi yana zubewa, fata ta yi baƙi ta riƙa ƙuraje, ƙoda ta gaza. Wanda bai samu magani ba da wuya ya haura shekara biyar. Maganin kuma, allurar sinadarin girma da ake samowa daga alade da ƙwayoyin da zai sha har ƙarshen rayuwarsa, ba kowane mai kare ke iya ɗaukar nauyinsa ba. Kare nau'in Labrado ma yana da nasa wadancin, mai gajarta ƙafafu ya kuma taɓa ido har ya kai ga makanta.

Ni dai masu kiwo nake ɗora wa alhaki. Gwajin jini ko na yawu ya isa ya nuna mai ɗauke da ƙwayar. Ba sai an yar da shi ba ma. A haɗa shi da wanda ba ya ɗauke da ita, ba za a haifi wada ba. Amma wasu, don gudun kashe kuɗi, har uba suke sawa ya barbari 'yarsa, dabbar da ba ta da bakin kai ƙara ta kwashi wahalar.

Mai neman karen gadi a Kano ko Jos, kafin ka biya, nemi ganin iyayen, ka tambayi sakamakon gwajinsu, ka tafi da likitan dabbobi.