Sarauniyar da Sunanta Bai Hau Dinari Ba

A daulolin Musulmi na ƙarni na 13, abu biyu ke shaida wa talaka wanda ke kan gadon sarauta: sunan da liman ya ambata a huɗubar Juma'a, da sunan da aka buga a jikin dinari. Mai son sanin yadda wannan al'ada ta karɓi mace, sai ya dubi Shajaratud Durr ta Masar.

Baiwa ce da Sarki Salihu Ayyub ya sa a ɗaka, ta haifa masa ɗa, Halil, ya 'yanta ta ya aure ta. A watan Nuwamba na 1249 sarkin ya rasu a Mansura, alhali rundunar Luwis na 9, sarkin Faransa, ta riga ta kame Dimyaɗ. Da labarin ya fita, da sansani ya watse. Sai ta haɗa baki da wasu manyan fada aka ɓoye mutuwar. Kullum a kai akushi ƙofar sarki, a ce jiki ne ya matsa masa, takardun umarni kuwa suna ta fitowa da irin sa hannunsa. Haka ta riƙe ƙasar har ɗan mijinta Turansha ya iso. Muddin tana mulki da hannun mamaci, ba wanda ya ce uffan.

Rigima ta taso ne ran da mulkinta ya fito fili. A watan Mayu na 1250 bayin sarki, wato Mamluk, suka kashe Turansha suka naɗa ta. Aka yi mata addu'a a kan mumbari, aka buga kuɗi. To amma juya dinarin ka karanta. Za ka ga an jingina ta ga Halifa Musta'asim na Bagadaza, an jingina ta ga mijinta Salihu, an kira ta sarauniyar Musulmi, mahaifiyar Halil. Sunanta na kanta babu shi. A takardun fada ma da "mahaifiyar Halil" take sa hannu, yaron da ya rasu tun yana jinjiri. Wannan wurin yana sosa mini rai: macen da ta tsare Masar a ranar tsanani, hujjarta ta hawa gado ita ce miji a kabari da ɗa a kabari.

Ba ita kaɗai ba ce. Raziya ta Delhi, wadda ta yi mulki daga 1236 zuwa 1240, kuɗinta na farko da sunan mahaifinta Iltutmish suka fito. Daga baya ta sa aka buga nata, ta hau giwa fuska a buɗe, manyan Turkawan fada suka tumɓuke ta.

Jinginar ba ta ceci Shajara ba. Dangin mijinta da ke Sham suka ƙi mubaya'a, Dimashƙa ta ɓalle. Masu tarihi na baya sun ruwaito cewa Halifan ma ya aiko da saƙon gori, wai in maza sun ƙare a Masar a faɗa masa ya turo. Bayan kimanin kwana 80 ta sauka, ta auri Aibak, ɗaya daga cikin sarakunan yaƙi, rawani ya koma kansa. Ta ci gaba da juya al'amura daga cikin gida har 1257, lokacin da Aibak ya nemi auren 'yar sarkin Mausil. Ta sa aka kashe shi, ita ma ba a jima ba aka kashe ta.

Hubbaren da ta gina wa kanta yana nan a Alƙahira. A cikin mihrabinsa, a kan shimfiɗar gilashi mai ruwan zinariya, an zana wata bishiya da 'ya'yanta farare masu ƙyallin lu'ulu'u. Ma'anar Shajaratud Durr ke nan: bishiyar lu'ulu'u.