Tsokaci a Kan Littattafan Tarihin Zuri'a a Ƙasar Kura da Bunkure

Ƙananan littattafai na tarihin zuri'a sun yawaita a ƙasar Kura da Bunkure, akasari ana buga su ne domin rabawa a taron dangi. Na karanta da dama daga cikinsu, kuma na yaba da himmar marubutansu. Sai dai akwai aibi guda da ya game yawancinsu, wato karɓar duk wata tsohuwar takarda ko hoto a matsayin hujja ba tare da an tantance ta ba.

Alal misali, wani ɗan'uwa ya kawo mini nasu littafin in duba. A bangonsa akwai hoton wani dattijo da rawani, an rubuta cewa shi ne kakansu da ya kafa gidan kafin zuwan Turawa Kano a 1903. Da na ƙura ido sai na ga gefen kanal na siminti a bayansa. Irin wannan kanal bai zo yankin ba sai da aikin noman rani na Kogin Kano, wanda aka soma gwajinsa a Kadawa, aka kuma kammala madatsarsa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Ashe dattijon jikan wancan kakan ne. Babu wanda ya yi nufin ƙarya. An tarar da hoton a adaka ba rubutu a bayansa, sai aka ɗora masa sunan da ake so.

Matsalar takardun gona ta fi wannan hatsari, domin ita takan kai dangi gaban alƙali. Lokacin da aikin ya shigo, an baje gonaki, an shafe tsofaffin iyakoki, sannan aka sake rabawa bayan an cire wani kaso domin kanal da hanyoyi. Saboda haka takardar fili ta wancan lokaci tana nuna wanda aka rubuta sunansa a ranar rabo ne kawai. Ba ta nuna ko gado ya ci, ko saye ya yi, ko jingina ce a hannunsa, ko kuwa yana riƙe da gandun ne a madadin ƙannensa. Marubucin da ya kafa hujja da ita cewa gonar “tasu ce tun kaka da kakanni” ya ɗora wa takarda abin da ba ta faɗa ba.

Haka nan rasit ɗin haraji. Yana da amfani wajen ƙayyade lokaci: wanda ke da fam da sule ya girmi shigowar naira a 1973, kuma Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979. Amma suna ɗaya yakan hau kan mutum uku a gida guda, kuma ba a rubuta mata. Shi ya sa za ka ga salsala ta jero maza bakwai babu uwa ko ɗaya. Maganin wannan giɓi shi ne littattafan kotun alƙali, inda ake lissafa magada maza da mata a rabon gado. Mai son ganin irin abin da takardun shari'a ke ƙunshe da shi ya duba aikin Allan Christelow na 1994 a kan hukunce-hukuncen majalisar Sarkin Kano Abbas.

Wani abin takaici kuma shi ne ɓoye sana'a. Kura ta yi suna har cikin Sahara saboda rini da bugu, kamar yadda Philip Shea ya nuna a bincikensa na 1975, har rawanin da Buzaye ke ƙauna ake kiransa ɗan Kura. Duk da haka da wuya ka ga littafin da ya ce kakansu marini ne. Kowa malami ne daga Gabas ko ɗan sarauta. To, su wane ne suka haƙa karofin?

Shawarata ga malaman makaranta ita ce su koya wa ɗalibai tambayoyi uku kafin su yarda da takarda ko hoto: wa ya yi shi, yaushe, kuma don me? Sannan a gwada abin da aka samu a gida da rahotannin gundumomi da ke Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, da abin da ke Gidan Ɗan Hausa. Dattawa kuwa, ina roƙonku ku zaunar da jikoki ku rubuta suna da shekara a bayan kowane hoto tun kuna raye, a kuma tambayi tsofaffin mata, domin su ne suka fi riƙe wa ya haifi wa.