Jinjina ga Ɗalibai Masu Bin Diddigin Tarihi

Tun 1973 aka kafa shirin SIWES domin ɗalibai su taɓa aiki da hannunsu kafin su kammala karatu. Yawanci ana rububin bankuna da kamfanoni ne. Masu zaɓar gidajen tarihi kaɗan ne, kuma su suka cancanci yabo.

A Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu, tsohuwar fadar da aka gina a 1831, irin wannan ɗalibi ne ke tsayawa gaban 'yan firamare yana nuna musu masu da kwari da baka, yana lura da abin da ya ja hankalinsu da abin da ya sa suka fara hamma.

A Danko kuwa, ɗaya daga cikin masarautu 5 na ƙasar Zuru, tarihin yana bakin tsofaffi. Ɗalibi zai shimfiɗa tabarma, ya kunna rikodar waya, ya ce, “Baba, yaya ake golmo a zamaninku?” Sai dattijo ya kwashe labarin shekarun da saurayi ke noma wa surukai, ya gangaro kan bikin Uhola. Daga baya ɗalibin ya zauna ya juya zancen daga harshen C'lela zuwa Hausa, yadda malamin aji zai iya karanta wa yara.